Babur Mai Sanyin Tafiya Da Babur Mai Ƙara

Mu da muka tashi muna jin sunayen Honda da Yamaha da Suzuki a bakin masu gyara, mun san babur ɗin Japan da abu guda, wato juriya. Amma akwai wani nau'i nasu da aka ƙera domin kasuwar Amurka, mai sirdi ƙasa-ƙasa, da dogon hannun tuƙi, da wurin ɗora ƙafa can gaba, mahayi yana zaune a kai kamar mai hutawa a kujera. Tarihinsa ya daɗe yana ba mu abin tunani.

Wannan siffa ta kamfanin Harley-Davidson ce na Amurka, mai inji da silinda biyu da suka buɗe kamar harafin V. A shekarar 1981 Yamaha ta fitar da Virago 750, mai irin wannan inji, iska ke sanyaya shi. Maimakon kaca mai son mai da ɗauri kullum, sai ta sa sandar ƙarfe mai juyawa cikin rufi, ita ke kai ƙarfi ga tayar baya. A 1983 Honda ta biyo da Shadow 750, ruwa ke sanyaya injinsa, kowace silinda da bawul 3 da fulogi 2.

Babbar hikimar Honda tana can ciki, inda ido ba ya kaiwa. A injin Harley, fistan biyu suna rataye ne a maɗauri guda jikin sandar da suke juyawa, shi ya sa bugunsu ba ya zuwa daidai, babur yana kaɗawa yana wata ƙara mai kama da sukuwar doki. Injiniyoyin Honda suka ba kowane fistan maɗaurinsa, suka karkata su yadda motsin ɗaya zai kashe girgizar ɗaya. Sai tafiya ta yi sanyi, hannu ba ya sagewa a doguwar hanya.

Harley ta ji zafin gasar. A 1983 Shugaba Reagan ya ɗora haraji mai nauyi a kan baburan waje masu inji fiye da cc 700. Sai Japanawa suka rage injinsu ya sauka ƙasa da iyakar da ɗan kaɗan, suka ci gaba da ciniki.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne abin da ya biyo baya. Masu saye da yawa suka nuna cewa girgizar nan da ƙarar nan su suke so. A 1995 Honda ta fitar da Shadow ACE 1100, ta mayar da fistan biyu kan maɗauri guda. Ƙarfin injin ya ragu, girgiza ta dawo, kunne ya sami abin da yake nema. Ita kuwa Harley tun 1994 ta nemi a yi mata rajistar ƙarar injinta a matsayin tambarinta, ta janye a shekarar 2000.

Ba mu ganin laifin maƙeri a nan, domin abin da kasuwa ta biya shi ake ƙerawa. Tambayar tana kanmu ne, mu masu saye. Idan ƙanenmu ya tara kuɗin shekara biyu zai sayi abin hawa, me muke koya masa ya duba? Ƙarar salansa da ƙyallin tanki, ko yawan man da yake sha, da ko ana samun kayan gyaransa a garinmu? Sha'awa ba aibi ba ce, in dai mutum ya san abin da ya bari domin ta. Magabata sun riga sun faɗa: ba girin-girin ba, ta yi mai.