Aika Wakili Ko Kai Saƙo Da Hannu

A manyan bankuna da kamfanonin inshora na ƙasar Jamus, inda nake zaune, al'adar da aka gada tun farkon shekarun 2000 ita ce, idan manhaja tana buƙatar wani bayani daga wata manhajar ta intanet, marubucinta ba ya zama ya tsara saƙon da kansa, sai dai ya ɗauko takardar sharuɗɗa da ake kira WSDL, wadda ta fara fitowa a 2000, ya miƙa ta ga wsimport na Java ko svcutil na Microsoft, su kuwa nan take su ƙera masa wakili, wato tulin layukan umarni waɗanda za su naɗe buƙatarsa cikin ambulan na SOAP, su kai, su karɓo jawabi, su warware masa.

A gida kuwa, samarinmu na Kano da Kaduna, waɗanda yawancinsu suka buɗe ido da irin su Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet da aka kafa a 2015, ba su saba da wannan wakilci ba. Yaro zai karanta bayanin kamfani, ya jarraba da manhajar curl, sannan ya rubuta adireshi da mabuɗin sirri da jikin saƙo na JSON da hannunsa, bisa tafarkin REST da Roy Fielding ya bayyana a kundin digirinsa a shekarar 2000, ko da kuwa bai taɓa jin sunan malamin ba.

Ba na musun fa'idar wakili, domin yana tsare ƙa'ida, yana kuma kama wanda ya sa rubutu a gurbin lamba tun saƙo bai bar gida ba. Amma aibinsa shi ne aibin taƙlidi: wanda ya shekara yana aiki da hukunci bai san hujjarsa ba, ranar da mas'ala ta sauya, wato ranar da masu ɗaya ɓangaren suka canja sunan wani gurbi, sai ka tarar da shi ya yi jugum gaban kuskuren da ba ya iya fassarawa, alhali kuwa SOAP ɗin nan da ake jin tsoro ba komai ba ne illa rubutun XML da aka tura ta HTTP. Hatta VIES, tsarin da Tarayyar Turai ke tantance lambobin harajin kamfanoni da shi, ana iya tambayarsa ta SOAP da 'yan layuka kaɗan.

Namu ma da nasu sakacin, don sau da yawa ba sa tanadin abin da za a yi in jawabi ya yi jinkiri, har a sake tura saƙo a ciri kuɗin mutum sau biyu. Duk da haka, in za a ba ni ɗalibi, da hannu zan fara koya masa, sai ya iya karanta saƙon da ke fita da wanda ke dawowa kafin in yarda ya aika wakili.