Ƙishirwar da Ta Kashe Allon Tanderu

Wasu daga cikin tanderun lantarki da ke gidajenmu, waɗanda muke kira oban, sai da suka gama wata rayuwar a Turai kafin su iso hannunmu. Da yawansu suna da wata ɗabi'a da mai sayarwa ba ya faɗa: ba sa yin zafi sai an saita agogonsu. Ɗan allon nan mai nuna lokaci da ke goshinsu shi ne mai gadin ƙofa, don a bayansa akwai makunnin da ke ba wuta hanya zuwa ƙarfen zafi. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai lambobin su yi ta ƙiftawa, tanderun kuma ya ƙi gasa komai har sai an danna masa lokaci. Inda ake shekara ba a ɗauke wuta ba, wannan ba abin damuwa ba ne. A nan kuwa, wani lokacin sau uku nake saita shi kafin la'asar.

Da kek da mit-fai nake biyan kuɗin makarantar yarana. Allon nawa ya ɗauki watanni yana dusashewa, har ta kai sai na kare shi da tafin hannu nake iya karanta lambobin. Daga baya ya riƙa komawa 12:00 da kansa ana tsakiyar gashi. Ranar da ya yi duhu gaba ɗaya, saura kwana 9 bikin da na karɓi kuɗin aikinsa, na kuma riga na sayi fulawa da bota da su.

Mai gyaran da na kira bai ɓoye mini komai ba. Ya ce allon ne gaba ɗaya za a canza, irinsa kuma sai an nemo daga Legas, in ma an dace. Ya gwada ƙarfen zafin da mitarsa, ya ce lafiyarsa ƙalau. Wato tanderu yana nan da ransa, mai gadi ne ya kwanta da makulli a aljihu.

Da dare na kira mahaifina. Shekaru masu yawa ya yi yana gyaran rediyo kafin idonsa ya yi rauni, kuma ni ce mai riƙe masa tocila tun ina firamare.

"Lokaci guda ya mutu, ko a hankali?"

"A hankali, Baba."

"To, duba kondensa. Abin da ya mutu a hankali, ƙishirwa ce ta kashe shi."

Kondensa, ko kapasita a bakin yaran yanzu, wata 'yar gwangwani ce da ba ta wuce kan ɗan yatsa ba. Aikinta ta tara wuta ta daidaita ta, don allon ya samu wuta marar rawa. A cikinta akwai ɗan ruwan sinadari, zafi kuma yana busar da shi. Masu ƙera ta suna lissafin cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwananta. To, ga ta an dasa ta a goshin tanderu, ga kicin ɗinmu a watan Afrilu.

Washegari na kashe babban makunnin wutar gidan, ban tsaya ga maɓallin tanderun kawai ba. Na gwada da mita na tabbatar babu wuta, na bar shi ya ɗan jima, saboda kondensa tana riƙe wuta ko bayan an kashe. Na kwance fuskar da sukudireba, ina jera kusoshin a faranti yadda suka fito. Kafin in zare kowace waya sai na ɗauke ta hoto. Da allon ya fito, ban sha wahalar nema ba. 'Yan'uwanta duk kansu a shafe yake, ita kaɗai ta kumbura kamar fanke, da ɗan tabo ruwan ƙasa a gindinta. A jikinta an rubuta lambobi: 470, bolt 25, digiri 85.

A layin masu kayan lantarki na miƙa wa mai shago ita. Ya dube ni ya dubi abin.

"Hajiya, wa ya aiko ki?"

"Ni na aiko kaina, Malam. Mai 470 nake so, amma ta digiri 105."

Lambar farko dole ta zo daidai. Bolt ɗin zai iya ɗarawa, amma kada ya gaza. Kuɗinta bai kai na kiret ɗin ƙwai ba. Ƙafafunta biyu ba ɗaya ba ne: farin layin da ke gefenta yana nuna ƙafar da za ta shiga ramin da ke da alamar ragi, in aka juya ta tana iya fashewa. Na narka dalma, na riƙe numfashi kamar mai zaren lalle, na liƙa.

Da na mayar da wuta, lambobin suka fito tas, suna ƙiftawa. Na saita lokaci, na ji ɗan ƙaran makunnin nan daga ciki, ƙas. Bayan minti biyar gilashin ƙofar ya fara ɗumi. Kek ɗin biki ya tafi a kan lokaci.

Ba kowane gyara nake shiga ba. Abin da ya shafi bututun gas na masu sana'arsa ne. Maikurowef kuwa ko kusa ba na buɗe shi, don kondensarsa tana riƙe wuta ta kusan bolt 2,000, tana kisa ko an zare shi daga soket. Amma tsakanin abin da ke kisa da abin da ke ba da tsoro kawai akwai fili mai faɗi, kuma a cikin filin nan ne kayanmu da yawa suke zama bola. Muna cewa abu ya mutu da zarar fuskarsa ta yi duhu.

Ranar Juma'a na kai wa Baba tsohuwar a ƙulle cikin leda. Bai iya ganinta ba, sai ya murza ta tsakanin yatsunsa har ya taɓo kumburin.

"Ita ce," in ji shi. "Kin sayi ta ajiya?"

Na ce na sayi biyu.