Gajeren Fili, Dogon Lissafi: Ƙwallon Lambu a Kan Fakon Kano

Ma'aikacin da ya taso a Anka ko Gummi, aiki ya kai shi Kano, abokai suka ja shi filin ƙwallon lambu da ke kan titin Club Road, yakan zo da zato guda: wanda ya fi ƙarfin damtse shi ke cin wasan. Dalilinsa a fili yake. Abin da ido ke fara gani a golf shi ne mutum ya ɗaga doguwar sanda ya maka wa ƙwallo, ta yi sama har ta ɓace. Sai bayan ya yi wata shida yana biyan kuɗin shiga gasar ƙarshen mako, yana kallon dattijon da bugunsa bai wuce yadi 170 ba yana karɓe kofi, sannan zai fara tambayar inda nasa bugun ke zurarewa.

Dokar wasan ba ta da wuyar faɗa. Ramuka 18 ne, kowanne da adadin bugun da aka ƙayyade masa, uku ko huɗu ko biyar, wanda za a iya kira ƙa'idar rami. Jimillar ƙa'idar cikakken fili takan kai 72, gajeren fili kuma 70 ko ƙasa da haka. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne gwani. Ba a yarda ɗan wasa ya ɗauki sanda fiye da 14 a jakarsa ba, ramin kuwa faɗinsa inci huɗu da kwata ne a ko'ina a duniya. Katin da ake rubuta sakamako ba ya tambayar nisan bugu. Wanda ya tafi yadi 280 ɗaya ne, wanda ya gangara taku biyu shi ma ɗaya ne.

Filin cikin gari yana da halinsa. Ba shi da yalwar filayen da aka yanka a bayan gari. Titi da katangar gidaje da layin bishiyoyi sun matse shi ta kowane gefe. Ramukansa gajeru ne, kuma gajartar ce tarkon. Mutum ya tsaya a mafarin rami mai yadi 310, ya hango tuta kamar ya miƙa hannu ya taɓa, sai zuciya ta ce masa ya zaro direba, babbar sandar nesa, ya kai ƙwallo bakin rami da bugu guda. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Idan ƙwallon ta karkace ta tsallake iyakar fili, doka ta ce a ƙara masa bugu ɗaya na tara, ya kuma koma inda ya buga ya sake. Wato bugun da zai yi yanzu shi ne na uku, alhali bai matsa ko taku ɗaya ba. Kuskure irin wannan sau huɗu a zagaye guda ya cinye bugu takwas, kuma takwas ɗin nan su ne tazarar da ke tsakanin mai 97 da mai 89.

Saboda haka mai neman sakamako yakan fara lissafi daga rami ya dawo baya. Tambayar farko: daga wane nisa ya fi amincewa da hannunsa? Idan yadi 120 ne, to a ramin yadi 310 abin da yake buƙata daga mafari shi ne yadi 190 a miƙe, kuma akwai sanda biyu ko uku a jakarsa da za su yi wannan ba tare da sun kusanci katanga ba. Ga mai son sauka ƙasa da 90 lissafin ya fi haka sauƙi. Idan ya ƙara bugu ɗaya kacal a kan ƙa'idar kowane rami, a fili mai 72 zai tashi da 90, a mai 70 kuma da 88. Ma'ana, ramin ƙa'ida huɗu ya ba shi damar isa farfajiyar rami da bugu uku, ya ƙarasa da biyu. Bugu biyu na yadi 140 da ɗan gajere ɗaya sun isa, babu inda aka nemi bajinta.

Sai kuma ƙasar kanta. Manomin Bukkuyum ya san fako: ƙasar da ta ƙeƙashe har ruwan farko ya zuba a kanta ya gudu bai shiga ba. Daga Nuwamba, in hunturu ya kama, har zuwa ƙarshen bazara, filayen wasan Arewa kusan haka suke komawa. Ƙwallon da za ta faɗi ta tsaya a watan Agusta, a watan Fabrairu sai ta yi tsalle ta ci gaba da gudu. Wannan kan ƙara gajarta filin, ya kuma faɗaɗa kowane kuskure, domin ƙwallon da ta ɗan kauce ba ta tsayawa sai ta shige gindin darbejiya. Dabarar rani ita ce a zaɓi inda ƙwallo za ta faɗi, a bar mata sauran tafiyar a ƙasa. Kusa da rami ma haka: ɗaga ƙwallo sama daga kan fako yana buƙatar sanda ta shige ƙarƙashinta daidai, in ta kuskure da kaurin farce sai ƙwallon ta harbe ta wuce. Gangarar da ita da sandar ƙarfe mai lamba bakwai ko takwas ya fi aminci, ko da bai burge 'yan kallo ba.

Manyan 'yan wasa sun yi wannan a idon duniya. A Yulin 2006 aka yi gasar Open a filin Hoylake kusa da Libaful a Ingila, bayan zafi ya ƙone ciyawa filin ya bushe ƙamas. Tiger Woods, wanda yana cikin masu nisan bugu a lokacin, sau ɗaya tak ya zaro direba a ramuka 72. Ya riƙa ajiye ƙwallo da sandunan ƙarfe kafin tarkunan yashi, ya ci gasar da bugu 18 ƙasa da ƙa'ida, da ratar biyu. A shekarar da ta biyo, Zach Johnson ya ci gasar Masters ba tare da ya yi yunƙurin isa farfajiyar wani rami mai ƙa'ida biyar da bugu biyu ba. Duk da haka a waɗannan ramukan ya samu 11 ƙasa da ƙa'ida.

Amma kada a ɗauka darasin shi ne tsoro. Mark Broadie, malami a Jami'ar Columbia ta Amurka, ya tattara bayanan bugu masu ɗimbin yawa, ya fitar da sakamakon a littafinsa na 2014. Ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na bambancin ƙwararre da ɗan koyo yana fitowa ne daga bugun da ya wuce yadi 100, kuma a mafi yawan lokuta wanda ya fi kusa da rami shi ke da riba. Don haka inda hanya ke da faɗi, babu katanga babu kwari, ajiye direba a jaka asara ce. Hikimar ita ce a matsa gaba iyakar inda tara ba ta jira, a ja birki a inda take.

Akwai abin da Broadie bai auna ba, wanda ɗan Arewa ke fuskanta. Saboda ƙarancin ruwa, filaye da yawa a nan, har da na Kano, sun daɗe suna amfani da farfajiyar yashi da aka cakuɗa da mai a madadin ciyawa, wadda 'yan wasa ke kira burawun. Kafin a gangara ƙwallo sai an share mata hanya an daidaita yashin. A kan burawun ƙwallo ba ta cika lanƙwasa ba, kuma tana saurin mutuwa, don haka bugun da ya fi yi mata shi ne miƙaƙƙe mai ɗan ƙarfi. Wanda ya saba da ciyawar IBB a Abuja, in ya zo da lallaɓawar can, zai yi ta barin ƙwallo a hanya. Ya kamata kuma a rage buri: ƙwararrun Amurka kansu kusan rabi suke jefawa daga ƙafa takwas. Ɗan koyon da ke ƙafa talatin daga rami, aikinsa shi ne ya kawo ƙwallo inda bugu na biyu ba zai gagare shi ba.

Mutumin da ya fi kowa sanin duk wannan yawanci shi ne wanda aka fi rainawa a filin, wato yaron da ke ɗaukar jaka. Yana taka filin kusan kullum, ya san ramin da iskar arewa maso gabas ke tura ƙwallo cikin bishiyoyi, ya san gefen da ƙasa ke gangarawa. Da yawa daga ƙwararrun 'yan wasan Nijeriya daga ɗaukar jaka suka fara. Idan ya miƙo sanda mai lamba biyar alhali Alhaji ya ce a ba shi direba, ba rashin kunya ba ne. Ya ga inda ƙwallon makon jiya ta kwana.

Gwajin da kowa zai iya yi bai fi ƙarfin fensir ba. A zagaye uku masu zuwa, a gefen katin sakamako, a riƙa sa alama duk lokacin da aka ci tara, ko aka sake bugu daga wuri guda, ko aka gangara ƙwallo sau uku a farfajiya ɗaya. A ƙarshe a ƙirga alamomin, a cire su daga jimilla. Lambar da ta rage ita ce wasan da mutum yake da shi tun yanzu, da wannan damtsen da waɗannan sandunan.