Shekarun da Ruwa Ya Ci Gonar Albasa

A 1968 aka gama madatsar Kainji, ruwan Kwara ya tsaya ya fara komowa da baya. Tsohuwar Bussa ta nutse, tsibirin Foge ma haka, aka tashi mutum sama da dubu 40 aka mai da su tudu. Da mu a ciki. Ban isa shiga makaranta ba a lokacin, amma na san Baba yana da gonar albasa a bakin gungu, inda ambaliya ke shimfiɗa laka duk shekara. Albasar Gungawa kuwa ba ta bukatar talla a kasuwar Yelwa.

Gidajen da aka gina mana na siminti ne, rufinsu kamar an kife ƙwarya. Da bazara ba mai iya kwana a ciki, sai a tsakar gida. Gonar da aka nuna wa Baba tsakuwa ce zalla. Wutar da aka tashe mu dominta ta wuce birane, mu muna kunna aci-balbal.

Kiristoci a ƙauyenmu 'yan gidaje ne kaɗan, majami'armu rumfar zana. Mai bishararmu Bakambare ne da ya yi karatun Littafi Mai Tsarki a Salka, wurin mishan ɗin da ekilisiyar UMCA ta fito daga cikinsu. A keke yake zuwa, ƙafar wandonsa ɗaure da igiya. Wata Lahadi ya karanta mana wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa, ya ce daga kurkuku aka rubuto ta, amma farin ciki ya cika ta. Da aka tashi sujada Baba ya tare shi.

"Malam, Bulus fa ba shi da 'ya'ya takwas."

Malam ya yi dariya har da riƙe ciki. "Gaskiyarka, Maigida. Amma kai ba a sa maka mari a ƙafa ba. Ga ruwa nan, je ka tambayi Sarkawa yadda ake ci daga cikinsa."

Haka kuwa aka yi. Wani maƙwabcinmu Basarke, Musulmi, ya koya wa Baba shimfiɗa kalli da jefa birgi, bai karɓi ko sisi ba. Manomin albasa ya koma kamun tarwaɗa da kurungu, yana yi yana ƙorafi. Daga baya mutane suka lura tafkin yana ja baya kowace shekara ya bar laka a gaɓa, sai albasa ta dawo kaɗan-kaɗan, ana ban ruwa da ƙwarya.

Inna ce dai ta fi tsaya mini a rai. Ranar godiyar kaka, masu hali na kawo damin dawa, ita ta ɗauko 'yar ƙwaryar busasshen warangi, ta taho tana rawa tare da matan zumunta har gaban bagadi, kai a sama. Ba ta taɓa leƙa tukunyar wata ba. In tuwo bai kai ba, ta dama kunu, ta ce mu rufe ido a yi addu'a, da muryar da take yi ranar da akwai giwan ruwa a miya. Wannan matar ce kuma ta tara mata, Kirista da Musulmi, suka yi ta sintiri ƙofar dagaci sai da aka haƙa mana rijiya. Wani dattijon ekilisiya ya ce mata mai bi haƙuri aka san shi da shi. Ta ce, "Baba, na gode wa Allah da abin da ya ba ni. Rijiya kuwa mutum ne ya yi alkawarinta."

Masu wa'azin wadar zuci da yawa nan suke kuskure, a ganina: suna koya wa talaka ya yi shiru, su ce dangana ce.

A ranar 26 ga Mayun 2021 jirgin ruwa ya kife kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane da dama suka rasu. Bayan mako uku aka kwashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri. Duk gidan gaisuwar da ka shiga, sai "Allah ya ba da haƙuri", kuma addu'a ce mai kyau. Da Inna na raye, da ta durƙusa ta yi ta, sannan ta yafa gyalenta ta nufi bakin ruwa ta tambayi wanda ya loda jirgin nan.