Ɗigo Ɗaya a Watan Shuka

Ruwan shuka ya sauka ne a daren da za mu wayi gari mu shiga jarrabawar gwajin kemistiri. Ban runtsa ba a daren. Ina kwance a ɗakin kwanan ɗalibai, ruwa na dukan kwano, zuciyata kuwa tana ƙauyenmu na wajen Malumfashi, inda na san da asuba Baba zai saɓa sungumi, ƙannena su bi shi da kwanon iri. Duk wanda ya yi sakandare a ƙasar Funtua ya san wannan karo. WAEC tana zuwa a Mayu da Yuni, NECO, wadda ta fara tata jarrabawar a 2000, ta biyo baya a Yuni da Yuli, daidai lokacin shuka da noman firi. Gida na bukatar hannunka, takarda na bukatar kanka.

Kemistiri takarda uku ce. Akwai canki-canka mai tambaya 50, akwai ta rubutu, akwai kuma ta gwaji, wadda muke kira firaktikal. Wannan ta ukun ita ce dodonmu. A shekara ukun da muka yi a babbar sakandare, ba na jin na riƙe biyuret, dogon bututun gilashin nan mai famfo, da hannuna fiye da sau huɗu. Kayan gwajin kaɗan ne, suna kulle a kabad, mu kuma mun fi hamsin. Yawancin gwajinmu a kan allo muka yi shi. Malam ya zana kwalba da alli, ya ce a nan launi zai juya, mu rubuta cewa ya juya.

Ban ɗora wa malamin nan laifi ba, har gobe. Shi ne ya taɓa shigowa aji da gorar zoɓo da ƙullin kanwa daga gidansa. Ya zuba zoɓon a kofin gilashi, ya jiƙa kanwa ya ɗiga, jan nan ya rine ya koma duhu mai kore-kore. Ya matsa lemon tsami, ja ya dawo. Ajin ya yi tsit. Ya ce, "Abin da iyayenku mata ke yi kullum a madafa ke nan. Mu suna kawai muka sa masa." Tun ranar na daina ganin asid da alkali a matsayin baƙi.

Da safe aka raba mu rukuni-rukuni saboda ƙarancin kaya. A gaban kowa akwai kwalba biyu, an rubuta A a jikin ta asid, B a jikin ta alkali. Za ka zuƙi B da fifet, santimita-kubik 25, ka zuba a kwalba mai siririn wuya, ka ɗiga metil oranj sau biyu ruwan ya yi rawaya. Sai ka buɗe famfon biyuret, asid na sauka, kana karkaɗa kwalbar, kana jiran lokacin da rawaya zai juya. Ɗigo ɗaya ne tsakanin daidai da wuce wuri. Ana so ka maimaita har lambobinka su zo kusa da juna, kada tazararsu ta wuce 0.20. Kuma mun san malam ya yi nasa gwajin a ɓoye, da lambarsa za a auna tamu.

Hannuna ya yi ta rawa. A karon farko na saki famfon da yawa, ruwan ya yi ja wur, na san na wuce. Na biyu da na uku suka zo kusa. A gefena akwai abokina ɗan Bakori, wanda ya fi kowa lissafi a ajinmu. Famfon biyuret ɗinsa na yoyo. Na gan shi ya ɗaga hannu, mai tsaron jarrabawa ya zo ya duba, ya girgiza kai, babu wata da za a canja masa. Ya ci gaba da ita a haka, yana tare ɗigon da yatsa. A bayana wani ya zuƙi ruwan B har cikin baki, ya ruga waje yana tofarwa, ya dawo idonsa jajir ya ɗauki fifet ɗinsa.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne fitowa. Gindin darbejiyar da ke gaban ɗakin gwaji ya koma kamar kasuwar Dandume ranar cinikin masara. Ba sallama, ba gaisuwa, tambaya ɗaya ce a bakin kowa: "Nawa ka samu?" Wannan ya ce ashirin da uku da ɗigo biyar, wancan ya ce ashirin da huɗu. Duk wanda lambarsa ta faɗa cikin ta jama'a sai ka ga fuskarsa ta washe, yana ta maimaita ta ko ba a tambaye shi ba. Wani da ya samu talatin da ɗaya ya tsaya kai da fata cewa shi ne daidai, sauran duk sun yi kuskure. Ya yi ta musu har muryarsa ta shaƙe, sannan ya zauna a kan saiwar bishiyar ya rufe fuska da rigarsa. Aka koma gardamar gishirin da aka ba mu mu gano. Wasu sun ga farin gari ya kwanta a ƙasan kwalba, wasu sun rantse ba su ga komai ba amma sun rubuta sun gani. Akwai waɗanda suka kashe kuɗin guzurinsu a kan wata takarda da aka ce musu amsa ce ta fito. Su ba su shiga gardamar ba, sun koma gefe suna kallon ƙasa.

Abokina ɗan Bakori bai ce uffan ba. Da na matsa masa, sai ya ce, "Lambobina uku, babu wadda ta san 'yar'uwarta." Ya wuce masallaci tun ba a kira azahar ba.

Ranar takardar rubutu da canki-canka, wadda ita ce rabuwarmu da kemistiri, ta zo da sauƙi a wurina. Na tarar da tambaya a kan yadda ake haɗa amoniya, hanyar da Bajamushen nan Fritz Haber ya gano: a ɗauko naitirojin daga iska, wadda kashi 78 cikin ɗari nata shi ne, a haɗa da haidirojin cikin zafi da matsi mai tsanani, ƙarfe na hanzarta aikin. Wannan ban haddace ta don jarrabawa kawai ba. Daga amoniya ake yin yuriya, kuma na ɗauki buhun yuriya a ka tun ban kai shekara goma sha biyar ba. Ina rubutu ina ganin farin ƙwayar takin a tafin hannuna.

Da aka ce a ajiye alƙalami, ihu ya tashi tun daga cikin zauren. Wani ya cilla littafinsa sama, takardu suka watse a filin makaranta. Wani ya yi rantsuwa cewa shi da kemistiri sai a lahira, zai koma gonar auduga inda ba a tambayar mutum nauyin mol. Wasu suka yi ta rubuta suna a bayan rigunan juna. Amma masu burin likitanci ko haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ba su yi murna ba. Sun san in babu kiredit a kemistiri, wato C6 ko sama, ƙofar a rufe take ko da sauran darussa sun yi kyau. Suka zagaye malam da takardar tambayoyi: "Malam, ta goma sha bakwai fa, B ce ko D?" Ya amsa biyu ko uku, sannan ya naɗe takardar ya mayar wa mai ita. Ya ce, "Ku je ku ci abinci. Abin da aka shuka ba a tone shi a duba."

Ni dai har yau ina ganin an yi wa yaran karkara rashin adalci a wannan gwaji, kuma ba a ranar jarrabawa aka yi shi ba. An yi shi ne a shekara ukun da kabad ke kulle. Yaron da ya ga kakarsa na tace ruwan toka ta haɗa sabulu, ya ga yadda kanwa ke nunar da wake, ba ya rasa basirar kemistiri. Abin da ya rasa shi ne sabo da gilashi, kuma a kan sabon nan aka raba mu maki.

Sakamako ya fito bayan watanni, masara ta riga ta yi goyo. Na samu C5. Abokina ya samu D7, ga shi da A1 a lissafi. Kuɗin sake zama a jarrabawar ƙarshen shekara ba su samu ba, damina ba ta yi musu kyau ba. Yanzu yana sayar da taki da maganin feshi a Funtua, kuma manoma na bin layi a shagonsa, domin shi ne zai karanta musu jikin buhu ya gaya musu gaskiya: buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, kamfa mai 15-15-15 kuwa kilo bakwai da rabi.

Amma kafin duk wannan, washegarin da na koma gida bayan jarrabawa, Baba ya miƙa mini kwano da tsinken itace, muka shiga masara, ta kai gwiwa. Na ga yana huda ƙasa a gefen kowane tushe, ya zuba yuriya, ya rufe da diddige. Na ce, "Baba, kun san in aka bar shi a fili amoniya yake zama ya bi iska?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Rana ce ke shanye shi. Rufe naka da kyau, ka bar uku a baya."

Na koma na rufe su.