Motar Da Ba Ta Sallama

Mahaifiyata ce ta raɗa mata wannan suna. Ranar da na fara kai motar gida Kazaure, a ƙarshen 2014, na shigo layinmu a hankali, injin ya ɗauke kamar yadda ya saba, lantarki kaɗai ke jan ta. Hajiya na ƙofar gida tana rakiyar baƙi, ba ta ankara ba sai ganin mota ta yi a gefenta. Ta dafe ƙirji ta ce, "Wannan wace irin mota ce da ba ta sallama?" Shi ke nan suna ya bi ta.

Toyota Prius ce ƙirar 2007, ruwan toka, 'yar Kwatano. Lokacin litar fetur naira 97 ce, don haka abokan aikina suka mayar da ni abin tsokana. Wai na sayo motar da babu bakaniken da ya san kanta, duk don tsimin man da bai kai kuɗin kwanon abinci ba. Ni kuwa abin da ya ja ni shi ne yadda take aiki. Injin fetur ne da na lantarki suke karɓa-karɓa. Idan ka taka birki, ƙarfin da wata motar ke zubarwa a banza ita sai ta mayar da shi caji. A cunkoson Kano injin kan mutu, amma sanyin cikinta bai tsaya ba. Lita ɗaya kan kai ni kilomita 18, wani lokaci fiye.

Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi. Cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Masu manyan motoci suka jingine su suka koma A Daidaita Sahu. Ni ban fasa zuwa gaida Hajiya kowace Asabar ba. Waɗanda suka yi mini dariya su ne suka dawo suna tambaya ta ina ake samun irin ta. Na ji daɗin wannan fiye da yadda ya kamata.

Sai dai a daidai lokacin da ta fi yi mini rana ne tsufa ya cim mata. Wata safiya cikin hunturu wata jar alama mai kusurwa uku ta kunno a gabana, fankar da ke bayan kujera ta shiga gurnani. Bakanikena ya jona mata kwamfuta ya karanta: P0A80. Ya ce, "Malam, babban batir ne." Ya cire kujerar baya ya nuna mini. Ƙwayoyi 28 ne jere, a haɗe suna ba da wuta kimanin bolt 200. Fankar da ke sanyaya su ta toshe da ƙurar shekaru, har da zaren hijabi da ɓawon gyaɗa. Zafi ne babban maƙiyin wannan batir, mu kuwa zafi da ƙura ba ma saye. Kuma ita wannan mota ba kamar sauran ba ce, da za a ce a tura ta ta tashi. Idan babban batir ya mutu, ta zauna ke nan.

Muka canza ƙwayoyi biyu da suka raunana. Bayan wata huɗu wata ta mutu, muka canza. Bakaniken bai ɓoye mini ba. Ya ce duk rana ɗaya aka haife su, facin tsohuwar riga muke yi, ka ɗinke nan can ya yage. Na ji shi, amma sabo turken wawa. A motar nan na ɗauko 'yata ta biyu daga asibiti tana cikin zani. A cikinta na bi gawar mahaifina zuwa maƙabarta. Har yanzu akwai tabon man zafi a jikin kujerar gaba, inda Hajiya ke dafawa idan za ta fita.

Abin da ya yanke mini shawara ya faru ne da daddare. Hawan jinin Hajiya ya tashi, na ɗauko ta za mu asibiti a Kano. Mun wuce Ɗambatta kaɗan jar alamar ta dawo, motar ta saki jiki. Ina taka totur har ƙasa tana tafiya kamar amalanke. Manyan motoci na wuce mu suna danna oda, ƙanwata na baya tana riƙe da kan Hajiya tana salati. Allah Ya kai mu, Hajiya ta samu sauƙi. Amma a harabar asibitin na ce wa kaina ba zan sake ɗora ran uwata a kan facin batir ba.

Sabon batir na kamfani da dala ake lissafa shi, kuma bayan faɗuwar naira kuɗinsa ya kusa kamo darajar motar kanta. Ga shi sauran jikinta ma ya gaji, tana shan baƙin mai, ƙafafunta na kuka. Mafita ita ce in sayar, in haɗa da abin da muka tara na rufin gidan da nake ginawa, in nemi wadda ta fi ta ƙuruciya.

Dillalin da aka haɗa ni da shi ya zagaya motar sau biyu, ya leƙa ƙarƙashinta ya tabbatar ba a cire abin nan na cikin salansa da bakanikai ke kira indomi ba. Sannan ya rage murya. "Yallaɓai, a goge wannan wutar da kwamfuta. Takan yi sati ba ta dawo ba. Kafin nan ciniki ya faɗa." Ya faɗi kuɗin da za ta yi in an goge, da wanda za ta yi in an bari. Tazarar ta isa sayen kwanon rufin ɗakuna biyu.

Ban ce masa a'a ba. Na ce zan yi shawara. Kwana uku ina shawarar, ina kawo wa kaina hujjoji: kowa haka yake yi, ni ma haka aka sayar mini, mai sayen tsohuwar mota ya san tsohuwa ya saya. Tun muna makarantar allo na san hukuncin ɓoye aibi a ciniki, amma sanin hukunci daban, ganin gini ba rufi ga damina na tafe daban. Da na gaya wa maiɗakina, ba ta yi mini wa'azi ba. Tana ninke kayan yara ta ce, "Malam, shi wanda zai saya ɗin ba shi da uwa ne?"

Mai sayen wani matashi ne, malamin firamare, da kuɗin adashi da na gadon gona a hannunsa. Na buɗe masa komai, na kira bakanikena ya yi masa bayanin ƙwayoyin da muka canza da waɗanda ke hanya. Dillali ya juya baya yana danna waya. Yaron ya yi shiru, sannan ya taya ƙasa sosai. Na ce albarka. Ya ƙara kaɗan, ya ce a cikin gari kawai zai riƙa hawa, zai tara ya canza batirin gaba ɗaya. Na ce na sallama.

Neman wata ya ɗauke ni wata biyu. Duk inda za ni da bakanikena nake zuwa, da 'yar na'urarsa a aljihu. Muna duba takardun kwastam, mu bi lambar jikin motar mu ga ko ta taɓa hatsari ko shiga ambaliya a Amurka. Mukan je da sassafe mu tayar da ita injin na sanyi, domin ƙirar 2010 zuwa 2015 mai injin lita 1.8 an san ta da matsalar gasket, kuma kakkarwar farko ce ke tona ta. Sannan mu hau titi yana kallon ƙarfin kowane rukuni na batirin. Ta farko da raina ya kwanta da ita fara ce tas, ba wata wuta a gabanta. Bakaniken ya miƙo mini na'urar. Ashe motar na ajiye lissafin tafiyar da ta yi tun ranar da aka goge mata laifi. Kilomita 12. Mai ita na gefe yana rantsuwa cewa ko allura ba a taɓa sa mata ba. Ban iya yi masa faɗa ba. Na san kwana ukun da shi ma ya yi.

A ƙarshe na sayi ƙirar 2013. A gida "sabuwa" muke ce mata, duk da garantin shekara 8 na batirinta ya ƙare tun kafin ta hau jirgin ruwa. Na san wata rana ita ma jar alamar za ta zo. Yanzu duk ƙarshen hunturu sai an wanke mata fanka, kuma na hana yara jingina jaka a bakin ramin iskar. Gidan kuwa damina ta same shi ba rufi, katangar gabas ta jiƙa har ta tsage.

Asabar ɗin da na fara kai ta Kazaure na shigo layin a hankali. Wannan ƙirar an sa mata wata 'yar ƙara da take yi idan tana tafiya da lantarki, don masu tafiya a ƙasa su ji zuwanta. Hajiya ta fito da sandarta, ta saurara, ta zagaya motar tana shafa ta. Ta ce, "To, wannan dai an yi mata tarbiyya." Sai da ta zauna a gaba ta lalubi inda ta saba dafawa, sannan ta tambaye ni, "Ita waccan ɗin, hannun kirki ta faɗa?"

Na ce mata ina gani haka ne. Makon jiya na hango ta a wajen Ƙofar Ruwa, an ɗaure mata buhun masara a baya, tana shiga cunkoso ba ko tari.