Wasiƙa Zuwa Ga Ƙanwata Kan Girkin Babbar Sallah

Laranto, Jos
29 ga Mayu, 2025

Ƙanwata,

Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yaron. Mu nan duk lafiya lau, sai godiyar Allah. Inna tana gaishe ki, ƙafarta da sauƙi, har tana fitowa tsakar gida shan hantsi in ba a tashi da hadari ba.

Kin dai ji sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi: jiya Laraba ce 1 ga Zulhajji, ke nan Arfa ranar Alhamis 5 ga Yuni, Sallah kuma Juma'a 6 ga wata. Lokaci ya ƙure, shi ya sa na zauna in ba ki amsar jerin abincin da kika turo. Na karanta wa Inna shi tun daga soyayyiyar shinkafa da jalof, tuwon shinkafa, funkaso, sinasir, masa, farfesun kaji, har zuwa kek da kunun aya. Na san zumuɗin zuwa gida ne ya sa ki, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai. Amma ina roƙon ki mu rage.

Ki ƙirga mu. Yaya da matarsa suna Makka, Allah ya karɓi aikinsu. Goggo ta ce bana a Bauci za su yi tasu Sallar. Saura Inna, da Auta, da ni da Baban yara da yaranmu biyu, sai ku uku. Mu tara ke nan, uku a ciki yara ne waɗanda in suka ga nama ba sa waiwayar tuwo. Daidai ruwa daidai tsaki. Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Shekara da shekaru ranar Sallah takan same mu a madafi tun asuba har bayan isha'i, hayaƙi a ido, baya yana ciwo, Inna kuwa tana ɗaki ita kaɗai da kwano a gabanta, ba mai zama ya taya ta ci. Ke sau ɗaya kike zuwa a shekara. Ina so bana mu shimfiɗa tabarma ɗaya a falonta, mu ci tare da ita, ta ga jikokinta suna rububin tsoka a gabanta. Girki ɗaya mai kyau a kowane zama ya ishe mu.

Ga yadda na tsara, in kin ga gyara ki faɗa.

Ranar Alhamis duk muna azumin Arfa, kuma ran nan za ku sha hanya. Da gwaten acca za mu buɗe baki. Na san kin yi kewarsa, don wanda ake yi da tsakin masara bai kamo ƙafar na acca ba. Na riga na sayo accar a kasuwar Katako, sai dai aikin regewa, wanda ba na barin kowa ya yi mini. Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, yashi yana ɓuya a ciki, dole sai an zuba ta a ƙwarya da ruwa ana juyawa a hankali, accar tana gangarawa cikin ɗaya ƙwaryar, yashin yana kwantawa a ƙasa, a zubar, a sake, har sai kin shafa gindin ƙwaryar da yatsa ba ki ji ƙaras-ƙaras ba. Za a fara dafa ƙashi da wake su yi laushi, a saka gauta da albasa da attaruhu kaɗan, sannan accar, alayyafo da yakuwa su zo a ƙarshe don kada su mutu a tukunya. Gwaten ne kuma abin da ya fi dacewa da Inna, tunda likita ya ce ta rage shinkafa da zaƙi.

A ranar ce kuma za a jiƙa shinkafar masa tun da safe, a kai markaɗe kafin la'asar, don da yamma layin injin ba ya biyuwa. Ki tuna nan ba Zariya ba ce. Garin nan yana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, ga damina ta kankama, dare yana da sanyi. Ƙullun da zai tashi cikin 'yan sa'o'i a wajenku, a nan sai ya kwana. Zan kwaɓa shi da yis da ɗan dafaffiyar shinkafa, in rufe robar, in naɗe ta da tsohon bargo, in ajiye kusa da murhun da aka gama girki a kai. Da asuba za ki tarar ya kumbura ya yi ƙananan idanu, yana ƙamshin tsami-tsami. Sai a ɗan ɗiga kanwa in tsamin ya yi yawa, a yanka albasa, a ɗora tanda.

Masa da miyar taushe, shi ne abincin safiyar Sallah, shi ne kuma abin da za a kai wa maƙwabta. A nan ne kawai ba zan rage hannu ba. Mu tara ne a gida, amma kwanukan da za su fita sun fi mu yawa. Akwai gidan liman, akwai tsohuwar nan da ke bayan masallaci wadda 'ya'yanta ba sa kusa, akwai almajiran da ke ɗebo wa Inna ruwa. Akwai kuma Maman 'yan biyu. Kin san tun rikicin 2001 da na 2008 unguwannin Jos suka rabu, da yawa daga waɗanda muka tashi tare da su suka kwashe suka koma wani gefen gari. Ita ma ta tashi, amma ba Kirsimetin da ya taɓa wucewa ba ta aiko wa Inna da shinkafa da kaza mai rai ba, don ta san mu za mu yanka da hannunmu. Inna ta ce ko ba a kai wa kowa ba, a kai mata, kuma Auta ne zai hau Keke ya miƙa da kansa, ya gaishe ta. Saboda haka mudu uku na shinkafa zan jiƙa.

Miyar taushen tun daren Alhamis zan haɗa rabinta, da ƙashin sa da zan saya ranar Laraba, tunda ba a kai ga ragon ba. Kabewa, gyaɗa markaɗaɗɗiya, daddawa, alayyafo da ɗan yakuwa. Gishiri da dunƙule kaɗan za a saka saboda hawan jinin Inna, wanda bai ji ba ya ƙara a kwanonsa. Ita dai ba za ta taɓa komai ba sai an gasa mata hantar layyarta, kamar yadda ta saba.

Batun rago. Bana dabbobi sun yi tsada, ga shi gwamnatin Nijar ta hana fitar da su daga ƙasar a cikin watan nan, abin ya taɓa kasuwanni har nan. Baban yara ya leƙa 'Yan Shanu, ya ce zai gwada karar Bukur ma kafin ya yanke shawara. Matsakaici guda ɗaya za a saya wa Inna, lafiyayye wanda ya cika sharuɗɗan layya, ba sai mai manyan ƙahonin da za a tsaya kallo ba. Da yake Sallar ta faɗo ranar Juma'a, maza za su sauko daga Idi, a jira liman ya yanka, a yanka namu, a feɗe, sannan su shirya su tafi masallaci. Na riga na kama mai fiɗa tun yanzu, don ran nan ba a samun su.

Ni da ke aikinmu na rana shi ne kayan ciki, kuma su ne abincin daren. Tumbin a zuba masa ruwan zafi a kankare har ya yi fari, hanjin a juya shi a wanke da gishiri da lemon tsami, a kitse shi. Farfesu za mu yi da citta da masoro da kanumfari da tafarnuwa, romo ya yi yawa, mu dafa dankalin Turawa a gefe. Ba sai na yi miki tallar dankalinmu ba. Mafi yawan wanda ake ci a ƙasar nan daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi yake fitowa. Yanzu na rani ya ja baya, sabon damina bai fito sosai ba, don haka ya ɗan hau, amma ƙaramin kwando ya ishe mu. Romo mai zafi a daren Jos, ruwa yana sauka a kan kwanon rufi, ba na jin akwai wanda zai tambayi funkaso.

Gangar jikin za ta kwana a rataye ta tsane. Asabar da safe a sassara, a fitar da rabon dangi da na mabuƙata tukuna, kafin wuƙa ta taɓa na gida. Sauran a tafasa shi da albasa da kayan ƙamshi, a soya da kitsensa har ya bushe sosai. Damina ce, ba ranar shanya, kuma ba zan dogara da firji ba, wuta ba ta da tabbas. In ya soyu da kyau zai jira su Yaya su dawo su ci nasu. Cinya ɗaya zan ware a daka dambun nama saboda haƙoran Inna, ki tafi da kaɗan.

Babban zaman cin abincinmu shi ne na ranar Asabar ɗin da rana, a nan ne shinkafarki za ta shigo, amma iri ɗaya. Ni jalof na zaɓa, da ruwan tafasar naman. Tumatir a wannan tsakanin yakan yi wuya, na noman rani ya ƙare, na damina bai nuna ba, ko a kasuwar Farin Gada sai an daure. Shi ya sa nake so ki zo da kauɗa. In aka jiƙa ta aka markaɗa da tattasai da albasa mai yawa, ba mai ganewa. Kabeji da karas da latas da koren wake kuwa a nan gidansu yake, zan haɗa salak babban faranti. Kaji mu bar su, ga rago a gida.

Abin sha zoɓo ne, da citta da kanumfari da ɓawon abarba, a ɗebi na Inna kafin a saka suga. Kunun aya ba ya jure rashin sanyi, kafin la'asar ya lalace, a bar shi. Da dare shayi. Cincin zan yi ranar Talata saboda yara masu yawon barka da Sallah, shi ke nan kayan toye-toye. Lahadi ba a ɗora sabuwar tukunya sai ta kai da ƙafa, a ci da ragowar masa, mu kai yaran gidan tarihi da gidan namun daji su sha iska, tunda hutun ya kai Litinin.

Abin da za ki taho da shi: kauɗar tumatir, daddawa mai kyau, man shanu kwalba ɗaya, da yajin nan na surukarki da Inna take yabo. Kada ki sayo shinkafa ko gyaɗa, akwai su a Katako. Ki saka wa yaron rigunan sanyi da hula da safa. Ku fito da sassafe, ku wuce Pambeguwa da Saminaka da rana tsaka, ku iso kafin ruwan yamma.

Ki tambayi maigidan ko yana cin kayan ciki, in ba ya ci in san abin da zan tanadar masa na daren Juma'a. Ki ba ni amsa kafin Litinin, don ranar Laraba da sassafe zan shiga Farin Gada. Ki gaishe shi, ki gaida surukarki da kyau. Allah ya kawo ku lafiya, ya nuna mana ranar.

Taki,
Yayarki